Kitson da Aka Yi wa Inji

Motar ta girmi wayon Auta. Tun yarinyar tana rarrafe motar ke jibge a gefen tsakar gida, ja ce a da, daga baya rana ta mayar da ita wani launi da ba shi da suna. A cikinta Auta take ɓuya in ta yi laifi, a cikinta take barcin rana, kuma a cikinta ne wata rana ubanta ya ce mata, "Ranar da za ki tafi babbar makaranta, da motar nan zan kai ki tasha."

Mutumin nan unguwa ce ta laƙaba masa Injiniya, alhali aikinsa auna kaya ne a gidan waya har ya yi ritaya. Magana ba ta dame shi ba. Bai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗansa yana sonsa ba. In son mutum ya cika masa ciki, sai ya tashi ya gyara masa ƙofar ɗaki. Saboda haka matarsa, wadda kowa ke kira Mai Kitso, ta riƙe wannan alkawari da muhimmanci. Ta san ita ce magana mai taushi guda ɗaya da ya taɓa yi wa 'yar, kuma in ta faɗi ƙasa ba shi da wata.

To, ranar ta zo. Yayyen Auta duk sun watse gidajensu, yau ita ma za ta bi jirgin ƙasa na rana zuwa makaranta mai nisa. Mota kuwa, bonet ɗinta a wangale.

Da safen Mai Kitso ta zaunar da Auta tsakanin gwiwoyinta. Matar da ke gama kai kafin shayi ya huce, yau sai jan aiki take, ta yi tsaga ta ɓata, ta sake yi.

"Umma, wuyana ya sage fa."

"Zauna daidai. Can wa zai yi miki irin wannan?"

Amma kai komai yawan gashinsa yana da ƙarshe. Ta ɗaure na ƙarshe, Auta ta zabura ta shige ɗaki haɗa kaya, aka bar Mai Kitso a kan kujera da hannuwa biyu da ba su san inda za su sa kansu ba. Baƙin ciki ne ya tokare ta, irin wanda ba a kuka da shi da safe don kada a ɓata wa matafiyi rai.

"Maman Auta, zo ki gani," in ji Injiniya daga wajen mota.

Ta je. Ya nuna mata wasu siraran tiyo baƙaƙe guda uku, sababbi ful, sun sarƙe da juna a kan inji. Tsofaffin sun tsattsage, sai ya sayo nannaɗe guda ya yanka uku, ya ɗosana bakin kowane a gurbinsa, saura abin matsewa.

"Waɗannan 'yan aike ne," ya ce, cikin muryar da yake yi in ya samu mai saurare. "Turbo tana hura wa inji iska in na taka totur. Wannan tiyon shi ke kai wa mai gadin ƙofar turbo labari cewa iska ta isa haka, a sassauta. In labari bai je ba, ta yi ta hurawa ke nan har inji ya tarwatse. Wannan kuma, in na ɗaga ƙafa inji yana zuƙa, zuƙar ce ke bi ta cikinsa ta buɗe bawul ɗin can ya saki sauran iskar. Na ukun ba ruwansa da su, na ruwan wanke gilashi ne, kaurinsu dai ya zo ɗaya."

"Kuma haka za a bar su a cukurkuɗe?"

"A cukurkuɗe, amma kowa ya san gidansu. Kada a taɓa. Zan je in sayo kilif na matse bakunan in dawo. In kina da ruwan sabulu ki zuba a robar can ta gilashi."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam."

Ya yi kamar bai ji ba, ya hau kekensa ya fice.

Ruwan sabulu kam akwai shi, ragowar wanda ta wanke wa Auta kai da shi, mai ƙamshin lemo. Ta ƙara masa sabulu don kada a ce ta yi rowa, ta juye a robar. Da a nan ta tsaya da babu labari. Amma fa a gaya min, wace mai kitso ce za ta ga silili uku baƙaƙe, masu santsi, tsawonsu kusan ɗaya, a yamutse a gabanta, ranar da aka ƙwace mata kan da ta fi so a duniya, ta kawar da ido? Ta ce bari ta ɗan ware su kawai. Da ta ware sai ta ga gindinsu a warwatse, ba za su kwanta ba. Ta cire bakunan wannan gefe. Ta cire na wancan gefen ma. Kafin ta ankara tana zaune a kan bulo da tiyo uku a cinya, yatsunta na tafiya da kansu.

Kitso ya yi kyau, gaskiya ɗaya ce. Ta ɗaure sama da ƙasa da baƙin zare, ta kwantar da shi a kan inji, ta ja baya ta duba. Sai a lokacin tambayar ta zo mata: wane baki ne na wane gida? Ta ƙirga bakuna shida, ta ƙirga gurabe shida, lissafi ya fita. Ta cusa kowane a inda ya fi kusa da shi, duk suka shige daram. A ranta ta ce abin da ya shiga daidai ai gidansu ne. Ta naɗe kowane baki da zare, ɗaurin da ko kan yaro mai ƙiriniya ba ya kwancewa. Ana cikin haka aka danna hon a ƙofar gida, ta yi maza ta saki bonet ya rufe.

Ƙaninta ne, Kawun su Auta, da sabuwar motarsa mai sheƙi, wadda yake gogewa da hankici ko ƙuda ya sauka a kanta.

"Yaya, ina Injiniyan duniya? Na zo ne don kada 'yata ta isa makaranta bayan an raba takardun gamawa."

Sai ga Injiniya ya dawo yana tura keke, hannu rabbana. Shagon farko a rufe yake, na biyun kuma kilif ɗinsu sun yi girma. Kawu ya je ya buɗe but ɗin motarsa kawai ya tsaya yana murmushi, wanda ya fi zagi ciwo. Mai Kitso ta dubi fuskar mijinta, ta ga ta faɗa lokaci guda.

"Na matse su da zare," ta ce.

"Kin taɓa?"

"Bakunan na ɗaure." Ba ƙarya ta yi ba, ta dai bar sauran gaskiyar a ƙarƙashin bonet.

Ya nufi gaban mota zai buɗe, sai muryar Auta ta fito daga kujerar gaba. Ta riga ta shige da jakarta a cinya.

"Baba, murɗa mu ji mana."

Ya shiga ya murɗa. Mota ta yi tari, ta yi gyaran murya, ta kama. Wanda ya shekara da shekaru yana jiran mota ta tashi kuwa ba ya kashe ta don ya duba dalili. Aka jefa akwati a baya, Mai Kitso ta shige kusa da shi, Kawu ya ce zai biyo su a baya, "don ko da tsautsayi."

Tun kafin su fita layi wani siririn fito ya fara tashi daga gaban gilashi.

"Baba, wa ke fito?"

"Turbo ce," in ji Injiniya. Bai taɓa jin kukan turbo ɗin nan ba tun da ya sayi motar, amma ya faɗa da ƙarfin gwiwa.

A danja suka tsaya, fiton ya ƙara kaifi. Wata dattijuwa da ke tsallaka titi da kwando ta waiwayo ta zabga wa Injiniya harara, ta ce tsufa dai bai yi wa wasu rana ba. Ma'aikacin hanya ya laluba wuyansa ya ga usur ɗinsa na nan, ya shiga dube-dube. Injiniya ya kafe ido a gaba, kunnuwansa sun yi zafi.

Da suka hau babban titi ya taka totur. Mota ta yi shiru na ɗan lokaci kamar mai tunani, sannan ta zabura. Kawunansu uku suka bugi kujera, akwati ya tafi baya ya dawo. Injiniya ya ɗaga ƙafa a firgice, sai wani kuka ya fito daga inji, gulu-gulu-gulu, sak na talo-talo.

"Wannan ma turbo ce?" Auta ta tambaya, ta riga ta fara riƙe ciki.

"Haka masu ƙarfin suke yi."

Ya sake takawa a hankali, mota ta sake zabura, ya ɗaga, talo-talo ya amsa. Mai Kitso a baya ta sa hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta kamar za a zo kama su. Sai ta ji ƙamshin lemo. Ta leƙa, ta ga wani farin abu yana kunno kai ta gefen bonet. Kumfa ce. Ta fito kaɗan-kaɗan da farko, da ya ƙara takawa ta yi tsiri, iska ta kwashe ta ta shafe gilashi, ragowar ta wuce ta sama ta sauka a kan motar Kawu.

"Baba, motar tana wanka!"

Wannan karon Injiniya bai ce turbo ce ba. Ya ja sandar wanke gilashi don ya ga hanya. Waifa ta shafa kumfar ta ƙara damewa, ruwa ko ɗigo bai fito a gilashi ba. Inji ne ya shaƙe, ya yi tari mai tsanani, salansa ta tofar da farin tururi mai ƙamshin kan amarya. A madubi suka hango Kawu yana tuƙi da kai a waje ta taga, kumfa a gira.

Auta dariya har da hawaye. Amma Mai Kitso idonta na kan mijinta, ta ga ya dubi wani ƙaramin agogo da ke gefen sitiyari, wanda ke nuna ƙarfin iskar turbo, ta ga allurarsa ta shige cikin ja ta wuce. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"In na ƙara takawa injin zai tarwatse," ya ce.

Suka firfito. Ya ɗaga bonet, sandar tokare shi an baro ta a gida, sai Auta ta riƙe. Ba abin da ake gani sai kumfa. Ya sa hannu ya share, ya sake sharewa, sai ga shi ya bayyana, baƙi, a wanke tas, yana ƙyalli a rana, kowace tufka daidai da 'yar'uwarta.

Kawu ya iso yana goge ido, ya leƙa. Dariya ta ci ƙarfinsa, ya koma ya zauna a bakin kwalbati yana bubbuga gwiwa.

"Wa ya yi wa injina kitso?" in ji Injiniya, sai ka ce akwai wani abin zargi a faɗin titin.

"Ai a yamutse ka bar su, Malam."

"Na ce kada a taɓa!"

"Ban taɓa da niyya ba. Hannuna ne."

Ya sunkuya yana bin bakunan da ido, yana salati ƙasa-ƙasa. Ya ɗauki ɗaya ya hura don ya ji inda zai ɓulla, robar sabulu ta amsa masa da kumfa a fuska, Kawu ya ƙara kifewa. A hankali dai abin ya fito fili. Iskar turbo a robar sabulu take ƙarewa, ita ce kumfa. Zuƙar inji ta koma 'yan ramukan da ke fesa ruwa a gilashi, su ne masu fito. Mai gadin ƙofar turbo kuwa da bawul mai sakin iska, su biyun aka haɗa da tiyo ɗaya.

"Kurame biyu kika ba waya," in ji Injiniya. "Kowane na jiran ɗaya ya yi magana."

Ya kai hannu zai warware kitson, ya ja zaren, zare ya ce bai san zancen ba. Ya gwada bin tiyo guda da yatsa, a tufka ta uku ya ɓace masa, ya dawo farko, ya sake ɓacewa. Duk baƙaƙe ne, duk santsi, ga sabulu.

Kawu ya miƙe, dariyar ta sake shi. Ya dubi agogon hannunsa, ya je ya buɗe ƙofar motarsa, wannan karon ba da tsokana ba.

"Yaya, jirgi ba ya jira fa."

Injiniya ya tsaya da hannuwa a sake, kumfa na ɗiga daga gemunsa. Bai dubi kowa ba.

"Auta, ɗauki jakarki ki shiga motar kawunki."

Auta ba ta motsa ba, tana riƙe da bonet, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Mai Kitso ta dubi mijinta. Shekarun da mutumin nan ya yi a ƙarƙashin mota, ita ta kitse su ta ɓata da hannunta, kuma ko faɗa ya daina yi mata, wanda ya fi komai muni.

Ta naɗe hannun riga ta matso.

"Malam, ni ban san gidan kowa ba, kai ka sani. Amma kitsona ba ya ɓatar da ni. Riƙe baki ɗaya ka faɗa min sunansa."

Ya dube ta. Sannan ya kama wanda ke jikin turbo.

"Wannan. Wajen mai gadin ƙofa zai je."

Ta ɗora ɗan yatsa a kansa, ta bi shi, sama, ƙasa, ƙarƙashi, ko kallo ba ta yi, ta ɓullo ɗaya gefen. "Ga wutsiyarsa." Ta sa haƙori ta datse zaren bakin, ya zare shi daga robar sabulu ya kai shi gidansu, ta naɗe da sabon zare daga wanda ba ya rabuwa da ɗaurin zanenta. Ya kama na zuƙa, ta bi, ya kai wa bawul. Na ukun da ya rage ya koma aikinsa na wanke gilashi. Allah ya taimaka Injiniya ya yanka su da tsawo, irin yankan mai tsoron kada abu ya gaza, don haka duk suka kai ba tare da an tsefe ba. Kawu kuma, da ba a ba shi aiki ba, ya ciro hankicin da yake lallashin motarsa da shi ya shiga goge musu gilashi.

Aka murɗa. Mota ta tashi, ba fito. Suka hau titi, Injiniya ya taka a tsorace, ta ɗauka sumul, allura ta hau ta tsaya inda ya kamata. Ya ɗaga ƙafa, sai aka ji fishsh, 'yar atishawa guda mai ladabi.

"Wannan ce turbo," ya ce, a hankali.

"Ni dai na fi son talo-talon," in ji Auta.

Sun tarar da jirgi ana ta shiga. Ba a samu lokacin doguwar sallama ba, wataƙila hakan ya fi. Auta ta rungume uwarta, Mai Kitso ta shafa mata kai, ta gyara wani silin da bai ɓaci ba. Injiniya ya miƙa akwati ta ƙofa, ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Hannun akwatin nan ya yi sako-sako. Ki riƙa ɗauka ta ƙasa."

"To, Baba." Ta riƙe hannunsa da nata biyu. "Ka kawo ni fa. Da ita."

Ya gyaɗa kai da sauri yana duban ƙafafun jirgi, kamar an ce ya duba ko suna da iska. Jirgi ya motsa, Auta ta leƙo ta taga ta ɗaga murya, "Baba, kada ka tsefe mata!" Mutanen tasha suka dubi Mai Kitso, suka dubi Injiniya, kowa ya fahimci abin da ya ga dama.

Kawu ya yi musu sallama ya tafi neman inda za a wanke masa mota. Su biyu suka koma tasu suka zauna. Injiniya bai murɗa makulli ba. Mai Kitso na kallon kujerar gaba da ba kowa, tana tunanin nan da 'yan makonni wani baƙon hannu ne zai tsefe kan nan, kuma gidan da za su koma yanzu ba sauran kan da zai zo ya zauna tsakanin gwiwoyinta ya ce wuyansa ya sage. Ba ta san yatsunta sun kama gezar mayafinta suna tufkawa ba. Shi ya gani.

Ya fita, ya ɗaga bonet ya tokare da kafaɗa. Ta ce a ranta shi ke nan, zai yanke abin kunyar ya jefar, kuma da gaskiyarsa.

"Maman Auta, zo ki gani."

Ta fito tana jan ƙafa. Kitson na nan, bai taɓa shi ba. Wani gefen yake nuna mata, wajen batir, inda wayoyi ja da kore da rawaya suka dunƙule wuri guda.

"Su ma a yamutse suke," ya ce, yana kallon wayoyin, ba ita ba. "Akwai wasu a ƙarƙashin sitiyari, akwai na fitilun baya. Ɗaya bayan ɗaya za a yi, ina tsaye ina faɗa miki gidan kowa. Aikin zai ɗauki lokaci. Ina jin zai kai har ta dawo hutu."

Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. Ta goge da bayan hannu, ta sunkuya ta taɓa wayoyin, ta murza maiƙon da ya shafe mata yatsa.

"Sai an wanke musu kai tukuna," ta ce.